Me Ya Sa Malami Ya Soke "Carried" A Insha'ina?

Wani ɗalibi da ke shirin zana jarrabawar WAEC ya aiko da wannan tambaya: "Malam, a insha'in Turanci na rubuta *My uncle carried me to Zaria*, sai malaminmu ya soke *carried* da jan biro ya sa *took*. Ni kuwa na duba ƙamus na ga *carry* tana nufin ɗauka, kuma haka nake jin kowa yana faɗa. Ina kuskurena? Kuma a ina ya kamata a yi amfani da ita?"

To ƙanena, malaminku ya yi daidai, amma kai ma ba da ka ka yi ba. Abin da ka rubuta shi ne abin da kunnenka ya saba ji a tasha da kasuwa da bakin manyan mutane masu digiri. Ƙamus ɗin ma bai yi maka ƙarya ba, sai dai ya ba ka rabin magana. "Ɗauka" da *carry* sun haɗu a wani wuri, amma kowace tana da inda take zuwa ita kaɗai, kuma inda suka rabu ya fi inda suka haɗu yawa.

Je ka kasuwar hatsi ta Dawanau ka tsaya ka kalli ɗan dako. An faɗa masa buhun da zai kai bakin mota. Ya sunkuya, abokan aikinsa biyu suka kama kunnuwan buhun suka ɗora masa a wuya. Ya miƙe, ya gyara tsayuwa, ya kama hanya yana ɗan sassarfa, yana "a ba da hanya, a ba da hanya". Ya isa gindin tirela, ya hau katakon da aka jingina, ya juya kafaɗa ya sauke. Bahaushe zai ce ya ɗauki buhu, shi ke nan, kalma ɗaya ta rufe aikin tun daga ƙasa. Bature kuwa sai ya raba shi uku. Ɗagawar farko daga ƙasa ita ce *lift* ko *pick up*. Saukewar ƙarshe ita ce *put down*. Abin da ke tsakani, wato tafiyar da ya yi nauyin yana kansa, shi ne kaɗai *carry*. Idan ka riƙe wannan, sauran duk mai sauƙi ne: nauyin abu yana kanka, kuma kana tafe da shi.

Shi ya sa idan biro ya faɗi ƙasa kana so yaro ya ɗauka, ba za ka ce *carry it* ba, *pick it up* za ka ce. Idan ka miƙa wa baƙo kuɗin mota ka ce "ɗauki", *take it* ne. Idan kana tsaye wuri ɗaya da jakar wani a hannunka kana jiran ya fito daga banki, *hold* kake yi, riƙewa. Sai ka fara takawa da ita sannan ta zama *carry*.

A fagen yadda ake ɗaukar kaya, Hausa ta fi Turanci kalmomi nesa ba kusa ba. Uwa tana goya ɗa, manomi yana saɓa fartanya, mafarauci yana rataya jaka, ƙato yana kinkimar buhu, mutum huɗu suna cicciɓar mara lafiya, kaka tana rungume da jika, mai talla tana ɗauke da faranti a kan gammo. Duk waɗannan Bature da *carry* ɗaya yake yinsu, sai ya ƙara gaɓar jikin da ke ɗauke da nauyin: *on her back*, *on his shoulder*, *in her arms*, *on her head*. Goyo, duk da girmansa a wurinmu, ba shi da kalma guda a Turancin yau da kullum, sai dai a ce *she carries the baby on her back*. Idan kayan sun yi nauyin da mai ɗauka yake nishi yana ƙorafi, akwai *lug* da *haul*, amma ɗalibi zai iya gama makaranta lafiya lau bai taɓa buƙatarsu ba.

Yanzu ga inda jimlarka ta karkace. *Carry* ba ta damu da inda aka nufa ba, nauyi da motsi kawai ta sani. Mu a Hausa alƙibla a jikin kalmar take, wasali ɗaya ke juya ta: kai da kawo, ɗauka da ɗauko, aika da aiko, saya da sayo. Turanci ba shi da wannan dabara, sai ya sauya kalmar ɗungurungum. Abin da ya nufo mai magana, *bring*, kawowa. Abin da ya bar wurin mai magana zuwa wani wuri, *take*, kaiwa. Idan kuma za ka je ka ɗauko ka dawo, *fetch*, ko *go and get*, wanda ya fi yawa a bakin Amurkawa. Tambayi kanka da Hausa: me kawunka ya yi? Kai ka Zariya ya yi. Ba za ka ce wa mahaifiyarka "Kawu ya goya ni zuwa Zariya" ba. Kaiwa kuwa *take* ce. Da ka fara tuno "kai" kafin ka tuno "ɗauka", da jan biron bai same ka ba.

Idan mutum ne ya yi wa mutum *carry*, mai karatu a Landan hoton da zai gani shi ne an ɗaga shi cak, ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. Ana yi wa jariri, ana yi wa wanda ya suma, ana yi wa ɗan ƙwallon da ya karye aka fitar da shi a gadon ɗaukar marasa lafiya, ana yi wa gawa. Wanda ya karanta jimlarka zai hango kawunka ya saɓo ka a kafaɗa kamar buhun masara yana bin titin Kano zuwa Zariya a ƙafa. Zai gane abin da kake nufi daga baya, amma sai ya yi murmushi tukuna. Abin da za ka rubuta shi ne *took me to Zaria*, ko *drove me to Zaria* idan kana so a san shi ya tuƙa. Rage hanya kuma *give a lift* ne a Ingila, *give a ride* a Amurka. Zuwa ɗauko yara daga makaranta *pick up* ne, sauke su *drop off*.

Amma lura da wani abu: motar ita kanta tana iya yin *carry* ɗin mutane, domin nauyinsu a kanta yake da gaske. *The bus carries eighteen passengers*, daidai ne ƙwarai. Jirgin sama yana *carry* ɗin alhazai, shi ya sa za ka ji hukumar alhazai ta NAHCON tana kiran kamfanonin jigila irin su Max Air da Flynas da *air carriers*. Bututun gas na AKK da ya taso daga Ajakuta ya bi ta Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, jaridu suna cewa zai yi *carry* ɗin gas. Wayar lantarki tana *carry* ɗin wuta, jijiya tana *carry* ɗin jini, iskar hunturu tana *carry* ɗin ƙura. Duk magana ɗaya ce, abu yana tafe a cikin wani abu ko a kansa.

To daga ina tamu *carry* ɗin ta fito? Daga Turancin buroka, wanda shi kuma ya ɗauko tsarinsa daga harsunan ƙasar nan. A buroka ba a cika buƙatar *bring* da *take* ba, sai a jera aikatau biyu: *carry am come* shi ne kawo shi, *carry am go* shi ne kai shi. Haka Bayarabe yake cewa "gbe e wa", ɗauke shi ka zo. Daga nan kalmar ta yi ta yaɗo. *Police don carry am*, 'yan sanda sun tafi da shi. *She carry belle*, tana da juna biyu. *He carry first*, ya zo na ɗaya. Mutanen Warri ma kirarinsu ke nan, *Warri no dey carry last*. Ni dai ba na cikin malaman da ke kiran wannan lalataccen Turanci. Buroka harshe ne mai ƙa'idarsa, miliyoyin mutane suna ciniki da aure da faɗa da shi, har BBC ta buɗe masa sashe a 2017. Idan ka je tashar Jibowu a Legas ka ce wa direba *would you kindly take me*, kai za a yi wa dariya. Kuma ba mu kaɗai ba ne: a kudancin Amurka, tsofaffi a karkara har yau suna cewa *carry me to town* da ma'anar kai ni gari a mota, haka ma a Jamaika. Sai dai mai duba takardar WAEC ba Turancin tasha aka ba shi ya auna ba, daidaitaccen Turanci na rubutu aka ba shi, kuma da shi zai yanka maka maki.

Akwai guda biyu da suka shige har cikin ofis da majalisa, waɗanda masu ilimi ke faɗa ba tare da sanin cewa namu ne na gida ba. Ta farko ita ce *carry everybody along*, wadda kowane ɗan siyasa ke rantsuwa zai yi idan ya hau, wato tafiya da kowa. A Najeriya kowa ya gane. A wajenta, idan kana so ka ce a riƙa sanar da kai, *keep me informed* za ka ce, idan kuma damawa da kai kake so a yi, *involve me* ko *include me*. Ta biyu ita ce *carry-over* ta jami'a, kwas ɗin da ɗalibi ya faɗi ya ja shi zuwa shekara ta gaba. Kalmar tana nan a Turancin Ingila, amma ma'anarta ragowar abu da aka tsallakar da shi gaba, kamar ranakun hutun da ma'aikaci bai ci ba bana. Ɗalibin da ya faɗi jarrabawa a can *resit* ko *retake* yake yi. Wanda zai cike takardar neman gurbin karatu a waje ya kiyaye wannan.

Sai kuma ɗaya ɓangaren, wuraren da mu muke cewa "ɗauka" amma Bature ko kusa ba zai ce *carry* ba. Suna da yawa, don "ɗauka" kalma ce mai faɗi. Ɗaukar hoto, ɗaukar mataki, ɗaukar lokaci, ɗaukar fansa, duk *take* ne. Ɗaukar ma'aikata *employ* ko *hire*, na soja da 'yan sanda *recruit*. Ɗaukar alkawari *make a promise*. Ɗaukar murya *record*. "Na ɗauka ka tafi" *I thought you had left*. Ɗaukar nauyin karatun yaro *sponsor* ko *pay for*. An ɗauke wuta, *the power has gone off*. An ɗauke ruwa, *the rain has stopped*. Ɗaukar ciki ma, farkonsa *conceive* ne ko *become pregnant*, amma watannin da mace take tafe da cikin, nan *carry* ta dawo: likita zai ce *she is carrying twins*, kuma ɓari sunansa *miscarriage*. Ka ga ko a nan ƙa'idar ɗan dakon Dawanau ce ke aiki, farawa daban, tafiya da nauyi daban.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne asalin kalmar yana wajenka, ba wajen malaminka ba. *Carry* ba ta cikin tsoffin kalmomin Ingilishi. Tsohuwar kalmarsu ita ce *bear*. *Carry* ta shigo ne ta bakin Normawa masu jin Faransanci, waɗanda suka ci Ingila da yaƙi a 1066, kuma sai a ƙarni na 14 ta bayyana a rubutun Ingilishi. Tushenta kalmar Latin ce *carrus*, wato amalanke, wadda Rumawa su ma suka aro daga mutanen Gol, tsoffin mazauna Faransa ta yau. Ma'anarta ta farko ke nan: kai kaya a amalanke. Daga wannan tushe *car* ta fito, da *cargo*, da *carriage*, da *chariot*, har da *charge*, wadda asalinta lodi ne, shi ya sa ake yi wa batir kuma ake yi wa wanda ake tuhuma.

Wannan tarihi ya taɓa shiga kotu har ya jawo wa mutum shekara 5 a kurkuku. A Amurka a shekarun 1990 akwai dokar tarayya da ta ce duk wanda ya yi amfani da bindiga ko ya yi *carry* ɗinta a yayin safarar miyagun ƙwayoyi, za a ƙara masa shekara 5 dole a kan hukuncinsa. Wani mutum mai suna Frank Muscarello ya kai tabar wiwi wurin sayarwa a motarsa ta a-kori-kura, ƙaramar bindigarsa kuma tana kulle a ɗan akwatin gaban mota. Lauyoyinsa suka ce ai bai yi *carry* ɗinta ba, tunda ba ta hannunsa, ba ta ƙugunsa, ba ta aljihunsa. Gwamnati ta ce ya yi, tunda ya tafi da ita a mota. Magana ta kai Kotun Ƙoli, aka yanke hukunci a 1998, alƙalai 5 suka rinjayi 4. Mai shari'a Stephen Breyer, wanda ya rubuta hukuncin masu rinjaye, ya buɗe ƙamusoshi, ya kawo wannan asali na amalanke, ya kawo misalai daga Baibul da tsoffin littattafai da jaridun zamani, ya ce tafiya da abu a mota ma *carry* ne. Mai shari'a Ruth Bader Ginsburg ta ƙi yarda, ta ce idan ana maganar bindiga, abin da aka fi fahimta shi ne tana jikin mutum a shirye, kuma dokar hukunci idan ta ɗauki fassara biyu, sai a bi wadda ta fi sauƙi ga wanda ake tuhuma. Alƙalai tara da aka haifa cikin harshen suka kasa haɗa baki a kan kalmar da ɗan firamare yake ganin ya sani. Amma kada ka ɗauki wannan ka je ka yi wa malaminku gardama. Bindiga kaya ce, kuma kaya ana *carry* ɗinsu a mota, babu mai musu: *he carried the yams to market in his truck* daidai ne. Kai kuwa fasinja ne da ka buɗe ƙofa ka shiga da ƙafarka.

Ma'anar da Ginsburg ta kare tana cikin waɗanda suka fi yawa a maganar yau da kullum, wato kasancewar abu a jikinka duk inda ka sa ƙafa, ko da ba shi da nauyin a zo a gani. *I don't carry cash*, ba na yawo da tsabar kuɗi. *Always carry your ID card*, kada ka rabu da katin shaidarka. Fassarar da ta fi dacewa a nan ita ce "yawo da", ba "ɗauka" ba. Tufafi da takalmi da agogo da tabarau kuwa ba a *carry* ɗinsu idan suna jiki, *wear* ake yi. Hular da ke kanka *wear*, wadda ka cire ka riƙe kana tafe *carry*.

Daga nan likitoci suka sami tasu, kuma ita ce nake so ka fi riƙewa, domin rashin fahimtarta yana raba aure ko ya haɗa wanda bai kamata ba. *Carrier* a asibiti shi ne mutumin da ke ɗauke da ƙwayar cuta ko ƙwayar gadon cuta, alhali shi garau yake. Wadda ta fi shahara a tarihi ita ce Mary Mallon, wata kuku 'yar asalin Ailan da ke aiki a gidajen masu kuɗi a New York. Kusan duk gidan da ta yi girki sai taifot ta ɓulla, ita kuwa ko ciwon kai ba ta yi. Hukuma ta killace ta a 1907, aka sake ta, ta koma girki, aka sake kama ta, ta ƙare rayuwarta a killace a wani tsibiri har ta rasu a 1938. Har ta mutu ba ta yarda tana ɗauke da komai ba, tunda ba ta jin ciwo. A wurinmu inda za ka fi jin kalmar shi ne maganar sikila. Mai jinin AS *carrier* ne, ba mai sikila ba ne, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya haka yake. Matsalar tana zuwa ne idan AS ya auri AS: kowane ciki da aka samu, akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo SS. Kowane ciki ne fa, ba wai cikin 'ya'ya huɗu ɗaya ne kawai zai samu ba, ana iya jera uku duk SS, ana iya haifar shida babu ko ɗaya. Tun da Jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024, samari da 'yan mata da yawa suna karɓar takardar sakamako su ga wannan kalma, wani ya firgita ya ɗauka an ce masa mara lafiya ne, wani kuma ya yi ko oho don yana jin kansa lafiya. Duka biyun ba su fahimce ta ba.

Sauran ma'anonin na aro ne, kuma idan ka riƙe hoton nauyi da tafiya za ka gane su da kanka. Laifi yana *carry* ɗin hukunci: *the offence carries a life sentence*, wato hukuncinsa ɗaurin rai da rai. Maganar dattijo *carries weight*, tana da nauyi, kamar yadda mu ma muke faɗa. Jarida tana *carry* ɗin labari, ta buga shi ke nan. Mai kanti a Amurka zai ce maka *we don't carry that brand*, ba ma sayar da irinsa. Muryar ladani da asuba *carries*, tana kaiwa nesa, kuma lura a nan kalmar ita kaɗai take tsaye, ba abin da aka ɗauka. A taro idan aka kaɗa ƙuri'a shugaba ya ce *the motion is carried*, ƙudurin ya wuce. A zaɓen Amurka ɗan takara yana *carry* ɗin jiha, ya lashe ta: Ronald Reagan ya yi *carry* ɗin jihohi 49 cikin 50 a 1984. A lissafi kuma, 7 a tara da 5, ka rubuta 2 ka riƙe 1, wannan ɗayan da ka riƙe shi ne *carry one*. Masu ajiyar littafin kuɗi suna da *carried forward*, jimillar ƙasan shafi da ake tsallakarwa zuwa shafi na gaba.

Inda ɗalibai suka fi zubar da maki shi ne inda aka liƙa mata ƙaramar kalma a baya, domin a nan ma'anar ɗauka takan ɓace gaba ɗaya. *Carry out* ita ce ta fi kowace amfani a rubutu, aiwatarwa ko gudanarwa. Ana yi wa bincike, da umarni, da gwaji, da hari, da hukunci: *the police carried out an investigation*. Ba a yi wa taro ko biki, waɗannan *hold* ne, ko da yake mu a Hausa duk "gudanarwa" muke cewa. Nakan ga *the wedding was carried out* a takardun ɗalibai, wanda a kunnen Bature ya yi kama da an zartar wa ango da amarya hukunci.

*Carry on* ci gaba ne da abin da ake yi, kuma Ingilawa sun fi Amurkawa son ta. Malami ya leƙo aji ya ga kuna aiki, ya ce *carry on*, ku ci gaba. Bayanta aikatau yana ɗaukar *-ing*, ko a sa *with*: *carry on reading*, *carry on with your work*. Ba a cewa *carry on to read*. Wannan rubutu da kake gani a riguna, *Keep Calm and Carry On*, gwamnatin Birtaniya ce ta buga shi a 1939 tana shirin yaƙin duniya na biyu, don a kwantar wa jama'a hankali idan bama-bamai suka fara sauka. An buga sama da miliyan 2, amma kusan ba a liƙa su ba, aka manta da shi, sai a shekarar 2000 aka tsinci kwafi ɗaya a wani kantin tsoffin littattafai a garin Alnwick da ke arewacin Ingila. A filin jirgi kuma *carry-on* ita ce 'yar jakar da kake shiga da ita cikin jirgi, wadda kamfanoni da yawa suke ƙayyade ta a kilo 7. Sai *get carried away*, wato abu ya ɗebe ka har ka wuce gona da iri, kamar mai liƙi a gidan biki da ya farga aljihu ya ƙare.

Game da *bear*, tsohuwar da aka ture: ba ta mutu ba, ta koma manyan wurare ne. Ba za ka ji an ce *bear this bag* ba, amma za ka ji *bear the cost*, ɗaukar nauyin kuɗi, da *I can't bear it*, ba zan iya jurewa ba, da *bearer* a takardar banki, da *waterborne disease*, cutar da ruwa ke yaɗawa irin kwalara. *Born* ta haihuwa ma daga gare ta take.

Wajen rubutu, harafin *y* yana komawa *i* a *carries* da *carried* da *carrier*, amma yana nan daram a *carrying*. Wajen furuci, nauyin yana gaɓar farko, KA-ri a bakin Ingilawa, Amurkawa da yawa kuma sukan karkata ta zuwa KE-ri. Ka kula da *carrier* da *career*, don mutanenmu suna yawan haɗa su a baki da a takarda. Ta farko nauyinta a farko, KA-riya, mai ɗauka. Ta biyu nauyinta a ƙarshe, ka-RIYA, sana'ar da mutum ya bi tsawon rayuwarsa. Na sha ganin takardar neman aiki an rubuta *carrier objective* a samanta da manyan haruffa, kuma kwamfuta ba za ta ja mata layi ba tunda ita ma kalma ce.

Ɗan dako kuma a Turancin yau *porter* ne. Turawan mulki ne suka riƙa kiran 'yan dakonsu *carriers*, kuma a yaƙin duniya na ɗaya sun kwashi dubban ɗaruruwan 'yan Afirka, har da mutanen Najeriya, suka sa su dakon harsashi da abinci a yaƙin da suka yi da Jamusawa a Gabashin Afirka, da yawa suka mutu da yunwa da cuta. Rundunar sunanta *Carrier Corps*, kuma daga wannan suna unguwar Kariako ta Darussalam da Kariyoko ta Nairobi suka sami nasu. A Gana kuma aron ta ɗaya gefen ya bi: matan da ke dako a kasuwannin Ankara da Kumasi ana kiransu "kayayei", an haɗa "kaya" ta Hausa da kalmar "mata" a harshen Ga, kuma haka jaridun Turanci na ƙasar suke rubuta ta.